Hajiya ta ce garin mashaya zai kai ni

Assalamu alaikum Anti, Allah ya ƙara basira. Ki taimaka mini da shawara, kaina ya kulle.

Shekararmu goma da aure, yaranmu uku, ban taɓa hawa jirgin sama ba. Maigidana yana shigo da tayil daga Turkiyya, bana sai ya ce zai tafi da ni lardin Izmir mu yi mako guda a farkon Oktoba, in ga teku in huta. Biza ta fito, tikiti na hannu, har na ɗinka kaya. Ana haka sai ƙanwarsa ta buɗe waya ta nuna wa Hajiya hotunan wurin: gonakin inabi, kwalabe jere a kan tebur, mata a bakin ruwa kusan tsirara. Hajiya ta kira ni ta ce garin mashaya ne, kuma ni ce na zuga ɗanta. Wallahi ban ma san sunan garin ba sai a bakinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, abokin cinikinsa na can ya gayyace mu cin abincin dare a wata gonar inabi da ke Urla, inda ake yin giya. Maigida ya ce ai ba sha za mu yi ba, zama ne kawai don kar mutumin ya ji ba daɗi. Ina son tafiyar nan, Anti, amma zuciyata ba ta kwanta ba. In haƙura ne, ko in bi shi?

Maman Uku, daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata.

Kada ki kwance jakarki. Amma teburin nan na Urla, shi kam kada ki zauna a kansa, kuma tun kuna gida za a warware maganarsa.

Ƙanwar mijinki ba ƙarya ta nuna ba. A lardin Izmir ana noman inabi, ana kuma yin giya. Urla ta yi suna a kan haka, ƙauyen Shirinje ma haka, inda masu shaguna ke miƙo wa baƙo ɗan kofi tun daga bakin ƙofa wai ya ɗanɗana. A garuruwan bakin teku irin su Ceshme da Alacati kuwa, da bazara za ki ga shigar da za ta sa ki sunkuyar da kai. Sai dai hoton waya ɓangare ɗaya yake kamawa. Izmir ce birni na uku mafi girma a Turkiyya, mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ladan yana kira sau biyar, kuma mace mai lulluɓi ba abin kallo ba ce. In ma an kalle ki, baƙuntarki aka kalla.

Zuciyar da kika ce ba ta kwanta ba, gaskiya take gaya miki. Malamai suna kawo hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, ba sai ya sha ba. Ki samu maigida a lokacin da yake cikin nishaɗi, kada ki ɗauko masa wa'azi, ki ce: "Ina so in raka ka ko'ina, amma wannan wurin ka nema mana canji." Shi kuma ya aika wa abokin nasa saƙo tun yanzu cewa ba kwa zama inda ake sha, a haɗu a karin kumallo. Turkawa suna ji da karin safe fiye da tunaninki, tebur ne cike da zaitun, cuku, zuma, ƙwai, tumatir da burodi mai zafi, ga shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi da ba ya yankewa. Mutumin nan yana da 'yan uwa da maƙwabta da ba sa sha, wannan roƙo ba baƙo ba ne a kunnensa. Kuma ni ban taɓa jin inda aka fasa sayar wa mutum tayil don ya ƙi zuwa gonar inabi ba. Kunyar maigidanki ce kawai take ƙara wa abin girma.

Akwai 'yan kalmomi da nake so ki haddace, don kunne yana yaudara. Idan aka ce miki "sharap", kada ki ɗauka lemo ne don kin ji ya yi kama da Larabci. Giyar inabi ke nan. "Sherbet" shi ne abin sha mai zaƙi marar maye. "Alkolsuz" na nufin babu barasa a ciki, "domuz" kuma alade, ko da yake da wuya ki ci karo da shi. Wanda ya fi ruɗa baƙo shi ne raki, wata barasa mai ƙarfi: a kwalba kamar ruwa yake, ana zuba masa ruwa sai ya yi fari tas kamar tsala. Mai kama da shi na halal sunansa ayran, nono ne da aka dama da ruwa da ɗan gishiri. Idan kin ji ƙamshi mai ƙarfi yana tashi daga farin kofi, ki ture shi gefe.

Sai batun Hajiya. Wannan ba yaƙinki ba ne, kada ki je kina kare kanki, ƙara ruruwa zai yi. Ɗanta ne zai je ya durƙusa ya ce shi ya shirya tafiyar, ya faɗa mata inda za ku sauka da inda za ku je. Tsoro ne ya sa ta faɗa, kuma da an gaya mata tun farko da bakin ɗanta, da ba ta ji daga waya ba. Nan maigida ya yi sake, ke ma kin biye masa da yin shiru. Ya ba ta labarin Masallacin Isa Bey da ke Seljuk, wanda aka gina a 1375. Ya ce mata kusa da kufan tsohon birnin Efes akwai kogon da mutanen yankin ke dangantawa da As'habul Kahfi, amma ya faɗi gaskiya cewa garin Tarsus da ƙasar Jodan ma kowa yana cewa nasa ne kogon. Ya ce za ku yi salla a Masallacin Hisar cikin kasuwar Kemeralti. Idan bayan duk wannan ta dage, to ku ɗaga tafiyar ku ci gaba da lallashi. Tikiti ana sauya masa rana.

Oktoba ta yi muku daidai, zafi ya sauka, cunkoson masu yawon buɗe ido ya ragu. Daga Istanbul zuwa Izmir kusan awa ɗaya ne a jirgi. Ki tsaya a dandalin Konak ki ga hasumiyar agogon da aka gina a 1901 zamanin Sultan Abdulhamid na biyu, daga nan ku hau jirgin ruwa ku tsallaka Karshiyaka. Idan kin ga layi a gefen titi ana raba wani abu kamar yanyan a jiƙe da ruwan sukari, ba a karɓar ko sisi, lokma ke nan, sadaka ce ake yi wa mamaci. Ki shiga layin, ki karɓa, ki yi masa addu'a.

Tekun da aka yi miki alkawari kuwa, ki je Ilija kusa da Ceshme bayan sallar asuba, kafin mutane su fito. Rairayin fari ne, ruwan ba zurfi, kuma akwai idanun ruwan ɗumi da ke ɓuɓɓugowa a cikinsa. Ki ɗage zane kaɗan ki tsoma ƙafa. In kina son shiga sosai, shagunan can suna sayar da kayan ninƙaya na mata masu rufe jiki gaba ɗaya.

Ki ware kuɗin tsarabar Hajiya daban tun kafin ki shiga Kemeralti, don kasuwar nan tana cinye aljihu. Busasshen ɓaure, man zaitun, sallaya mai laushi, da zabibi kilo biyu. Inabin da ta gani a hoto, ba duka ake matsewa a kwalba ba, mai yawa shanya shi ake yi. Ita ma ƙanwar mijin, ki sayo mata ɗankwali.

Anti