Me ya sa mai ciwon daji ke ƙin abinci?

Ɗan'uwa sannu, Allah ya ba Inna lafiya. Ka ce tun da aka gano tana da ciwon daji ko tuwon da ta fi so in an kawo sai ta kau da kai, kana tambaya ko gangan take yi. Wallahi ba gangan ba ne, na yi jinyar gwaggona a nan Gusau na ga irin haka.

Yunwa daga ƙwaƙwalwa take tasowa, akwai wani ɗan sashe da ake kira haifotalamus, shi ke cewa ci ko ka ƙoshi. To ciwon da garkuwar jiki suna sakin sinadarai cikin jini, irin su IL-6 da GDF15, su je su rikita wurin, shi GDF15 ma har sashen da ke kawo tashin zuciya yake taɓawa, sai mutum ya ji a ƙoshe alhali cikinsa wayam. Ga kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, kuma na canza ɗanɗano, nama ya koma kamar ƙarfe a baki.

Don Allah ku daina yi mata dole da faɗa, abin yana ƙara mata damuwa. Kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a rana, kunun gyaɗa, dafaffen ƙwai, fura da nonon da aka tafasa. Abinci mai sanyi ya fi shiga don ba ya tashin ƙamshi sosai.

Kuma kar ka sayo maganin buɗe ciki a kemis da kanka, wasu sitiroyid ne, wato magunguna masu ƙarfi da ke iya yin illa. In tana ramewa da sauri, ko amai, ko ruwa ma ya gagara, ku koma wa likitanta a asibitin tarayya na FMC Gusau ko asibitin koyarwa na UDUTH Sakkwato, ku nemi a haɗa ku da masanin abinci.