Hukuncin sa ma yaro ƙarfen buɗa muƙamuƙin sama

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah shi gafarta Malam. Ni uwa ce daga nan Sakkwato, ɗana shekararshi 9, haƙoranshi na sama sun cushe wuri ɗaya, in ya rufe baki na sama ciki suke faɗawa maimakon su rufe na ƙasa, ga kwana baki buɗe. Munka kai shi wurin likitan haƙori ya ce muƙamuƙin sama ne ya matse, za a sa mai wani ƙarfe a ganɗa ana murɗawa kullum har ƙashin ya buɗe, kuma wai wushirya za ta fito mai. Babanshi da ya ji maganar wushirya sai ya ce a'a, Annabi ya tsine ma masu yin wushirya, canza halitta ne. Malam mi ne hukunci? Kuma ya alwalarshi da azumi tunda ba a cirewa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah shi ba yaro lafiya. 'Yar'uwa, wanga aiki ya halatta in har likita masani ya tabbatar akwai matsewar, magani ne. Mai gidanki kuma Allah shi saka mai, tsoron Allah ya sa ya tsaya, kuma hadisin da ya kawo ingantacce ne, wurin da ya aza shi ne ba nan ba ne.

Hadisin na Abdullahi ɗan Mas'ud ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi, an la'anci masu zane a jiki da masu tsige gira da masu feƙe haƙori su yi wushirya "lil husni", wato don kyau, masu canza halittar Allah. To wagga kalma ta "don kyau" ita ce ƙaidin hukuncin. Imamu Nawawi a sharhinshi na Muslim ya ce in an buƙaci haka don magani ko wani aibi a haƙori to babu laifi, Ibn Hajar ma haka ya fahimta a Fathul Bari. Ayar Suratun Nisa'i ta 119 da Shaiɗan ke cewa zai umurci mutane su canza halittar Allah ita ma malamai ba su sa neman magani cikinta ba, in ba haka ba da ɗorin karaya ma ya haramta. Ga Arfaja ɗan As'ad da anka yanke mai hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi mai wari, Annabi (SAW) da kanshi ya ce ya sa na zinari, Abu Dawud da Tirmizi sun kawo. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na 2007 a Malesiya ta bi wanga layi, ta halatta gyaran aibin da anka haifi mutum da shi kamar tsagaggen leɓe in yana cutar da shi. Mu nan Sakkwato ma ga asibitin yara masu cutar noma, cutar da ke cin naman baki da fuska, ana ɗinke musu fuska, ban san malamin da ya kira wannan canza halitta ba.

Sai a duba mi ƙarfen ke yi, don ba a yanke hukunci kan abin da ba a gane ba. Ƙashin muƙamuƙin sama ɓari biyu ne, dama da hagu, sun haɗu a tsakiyar ganɗa, kuma a yaro mahaɗar ba ta gama ƙanƙamewa ba kamar dai maɗigar jariri. Likita zai kafa ƙarfen a turamen sama, tsakiyarshi akwai ɗan sukuru, uwa ko uba su riƙa murɗawa da ɗan makulli sau 1 ko 2 a rana yadda likita ya ce, kowace murɗa kusan kwatar milimita ce. Cikin sati 2 zuwa 3 galibi an samu faɗin da ake so, sai a bar shi a baki wata 3 zuwa 6 sabon ƙashi ya cike wurin. Wushiryar da ke fitowa alama ce ƙashin ya buɗe, ba a feƙe haƙori ko ɗaya ba, ba ita anka nufa ba, kuma yawanci da kanta take rufewa bayan 'yan makonni ko watanni. Ina haɗin wannan da macen da ta sa aka goge mata lafiyayyun haƙora don a ce yarinya ce?

Abin da ya fi damuna a maganarki shi ne lokaci. Mahaɗar nan tana ƙara ƙarfi in yaro ya balaga, in ya zama babba sau da yawa sai an haɗa da tiyata kafin ta buɗe, ga kuɗi ga wahala. Shekara 9 lokaci ne mai kyau. Yaro amana ne, shi ba ya iya kai kanshi asibiti, in anka zauna ana jan magana kan shubuhar da malamai sunka warware tun tuni har damar ta wuce, shi za a cutar, kuma Annabi (SAW) ya ce ku nemi magani ya ku bayin Allah. Amma fa kar ki yi a bayan idon babanshi, shi ne waliyyi. Ki nuna mai wagga amsa cikin ladabi, ku tafi tare likita ya nuna mai hoton bakin ya gani da idonshi, in zuciyarshi ba ta kwanta ba ku ji ta bakin likita na biyu, akwai sashen haƙori a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Kwana baki buɗe kuwa a nuna ma likitan hanci da maƙogwaro, don wani lokaci tsoka ce ta kumbura bayan hanci, ƙarfe shi kaɗai ba zai magance ta ba.

Inda nake hanawa shi ne 'yan matan da haƙoransu lafiya lau su je a maƙala musu waya don gayu, wurin wanda ba likita ba. Wannan ya fi kusa da hanin hadisin, ga ɓarnar dukiya ga lalata haƙori.

Alwala ba matsala. A mazhabarmu ta Malikiyya kurkurar baki sunna ce a alwala da wanka, ko Ahalari haka ya jera ta, ya kurkure yadda ya saba ruwa ya kai inda ya kai. Ƙarfen ba zinari ba ne balle a ce namiji ne. Azumi bai hau kanshi ba sai ya balaga, in yana gwadawa to murɗa makulli da rana ba ya karya komi tunda babu abin da ke wucewa maƙoshi, sai dai ya wanke baki sosai bayan sahur don abinci na maƙalewa a ƙarƙashin ƙarfen.

Kwanakin farko zai ji matsi a hanci da haƙora, miyau zai yi yawa, haruffa irin su sinun da shinun da kafun ba za su fita daidai ba. Sallarshi ta yi da abin da ya iya. Don Allah ku je Islamiyyarsu ku gaya ma malaminshi tun kafin a sa, kar a doke shi a kan makhraji alhali harshenshi ne bai saba da ƙarfen ba, cikin sati ɗaya ko biyu yawanci bakin yana sakewa.

Wallahu a'alam.