Matse hannu yarda ce a yi wa majinyaci tiyata?

Tambaya: Yayana ya yi hatsari wata huɗu da suka wuce. Ya farfaɗo daga dogon suma, yana buɗe ido, wani lokaci in na ce ya matse hannuna yakan matse, wani lokaci ko gezau. Likitoci na son yi masa tiyata su sa masa bututun abinci ta ciki. Matsewar nan ta isa a ce ya yarda? In ba ta isa ba, wa zai sa hannu?

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya. Gaskiya ba ta isa ba. Kafin a ce mutum ya yarda, sai ya fahimci abin da za a yi masa, ya riƙe bayanin, ya auna amfani da haɗari, sannan ya bayyana zaɓinsa. Dokar Ingila ta 2005 kan ikon yanke shawara waɗannan huɗun ta jera. Halin da yayanka yake ciki kuwa, wanda masana suka bambanta da sauran nau'o'in suma a 2002, hayyaci ne mai leƙowa ya koma.

Amma kada ka raina matsewar. A binciken da aka wallafa a 2010, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majinyata 54 masu matsalar hayyaci ana umurtarsu su yi tunanin buga tanis. Biyar sun bi umurnin, ɗaya ma ya amsa tambayoyin i ko a'a, kamar na sunan mahaifinsa, ta wannan hanya. Sai dai gane sunan mahaifi daban, auna haɗarin tiyata daban.

Batun sa hannu ya danganta da dokar ƙasa. A yawancin jihohin Amurka makusanci ne ke yanke shawara. A Ingila, in ba wakilin da doka ta amince da shi, likita ne ke yankewa bayan ya tuntuɓi iyali. Ko ma wane ne, abin da ake nema a wurinsa shi ne ya yi la'akari da abin da majinyacin zai zaɓa da yana iya magana. A nan iyalai kan zame, su amsa da son ransu, don ƙauna kan rufe ido. Ka tuna abin da yayanka ya taɓa faɗa game da jinya, da addininsa, da ɗabi'arsa.

Ka roƙa a gwada hayyacinsa sau da yawa, safe da yamma, don gwaji ɗaya na iya faɗawa lokacin da ya gaji ko magani ya kwantar da shi. A kuma yi masa bayanin tiyatar a kunne, da sunansa. In yana yamutsa fuska ko janye jiki duk sanda aka taɓa cikinsa, ku sanar da likita a rubuta.