Ku Tambaya Mu Amsa: Tashar CTV da Makarantun Dawaki

TAMBAYA: Malam, muna gardama a majalisarmu. Ni na ce CTV ce tashar talabijin ta farko a Kano, abokina ya ce NTA ce. Sannan mene ne ma'anar 67 ɗin da ake liƙa mata? Daga wani mai karatu a Gyaɗi-gyaɗi.

AMSA: Malam, abokinka ya fi ka gaskiya, sai ka saya masa shayi. NTA ta Bompai ta riga. Kafin ita ma, talabijin ta farko a Arewa ita ce ta Kaduna da gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1962. Da sojoji suka kafa hukumar NTA a 1977, duk tashoshin ƙasar nan suka koma hannun gwamnatin tarayya.

Siyasa ce ta haifi CTV. Tsarin mulkin 1979 ya ba jihohi damar mallakar tasha. A lokacin NPN ta Shagari ke mulki a Legas, Kano kuwa PRP ce, Muhammadu Abubakar Rimi na gwamna. 'Yan PRP na ganin NTA bakin gwamnatin tarayya ce, ba za ta nuna aikinsu yadda suke so ba. Rimi kuwa ba mai jira a yi masa magana ba ne. Ya kafa jaridar Triumph, ya kuma kafa CTV a farkon shekarun 1980, can Hotoro kan titin Maiduguri. Lambar 67 zangon da ake kama ta ne a layin UHF, inda aka tura tashoshin jihohi. Shi ya sa muka sha hawa soro muna juya eriya, wani a ɗaki yana ihun "ta kawo, tsaya haka!" A ganina babban abin da ta yi wa Kano shi ne wasan kwaikwayo: da dama daga waɗanda suka fara finafinan bidiyo na Hausa a nan suka goge. Bayan rasuwar Rimi a 2010 aka sa mata sunansa, ta zama ARTV.

TAMBAYA: Baba, ɗana ya ci jarrabawar makarantar kimiyya ta Dawakin Kudu. Tun yaushe aka kafa ta, kuma me ya sa ba a cikin birni take ba? Daga wata uwa a Tarauni.

AMSA: Allah Ya sa albarka, 'yata. Da ita da ta Dawakin Tofa tagwaye ne, a 1977 aka mayar da su na kimiyya, zamanin Kanar Sani Bello. Shekara goma ke nan da ƙirƙiro jihar Kano, amma likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jiha ba su taka kara sun karya ba. Sai aka riƙa tace yara masu ƙwaƙwalwa da jarrabawa ana tara su wuri guda. Ba sabon gini aka yi ba, sakandaren da ke garuruwan aka gyara aka zuba wa kayan gwaji da malamai. Ni ina ganin nisan ma alheri ne: yaron da ke makarantar Rumfa a cikin birni zai iya sulalewa gida cin tuwo, na Dawaki sai ranar ziyara. Ki haɗa masa gari da ƙuli-ƙuli da yawa, ki kuma rubuta sunansa a jikin bokiti.