Tukwanena na tsagewa tun da na dawo Kaduna

Tambaya: Maginiyar tukwane ce ni, na taso daga Zariya na tare a Rigasa. Yumɓun nan ya ƙi ni, tukwanena tsagewa suke tun kafin gashi. Ina mafita?

Amsa: Sannu da baƙunta, 'yar'uwa. Ki fara gwada yumɓun: mulmula shi tsawon santimita 10, ki shanya a inuwa. In ya ragu da santimita 1, danƙonsa ya yi yawa. Ki daka tsingaro, ki tankaɗe, ki cuɗa kwano 1 cikin kwano 4 na yumɓu.

Sai iskar hunturu, ita ce babbar matsala. Baki kan riga gindi bushewa, ya ja, ya tsage. Ki lulluɓe tukunya da leda kwana 2, in bakin ya yi ƙarfi ki kife ta.