Zuwa ga 'yata mai shirin tahowa karatu da ciwon zuciya

Assalamu alaikum 'yata. Ya jikin naki? Ya su Yaya da Hajiya? Na saurari saƙonki har ƙarshe, na kuma duba takardun asibitin da kika ɗauki hotonsu kika turo. Kin ce jami'o'i biyu sun ba ki gurbin digiri na biyu, ɗaya a arewacin Ingila, ɗaya a Sikotlan, amma tun da likita ya ce bugun zuciyarki ya rikice kan gida ya rabu. Babanki na cewa ki haƙura da tafiyar, maigidanki na cewa ai can ne ma gidan magani. Ke kuma magungunan ne suka ishe ki: kasala ta hana ki sakat, jinin al'adarki ya ƙaru, har kina raya wa ranki idan kin iso za ki ajiye su ki ga ko jiki zai sake.

Idan likitan zuciyarki ya ce jikinki zai ɗauki tafiya, ki taho. Ni ma da wannan rikicewar bugu nake zaune a Mancesta, ina aikina, ina zuwa gida ina dawowa. Amma zancen ajiye magani ki cire shi daga ranki tun yanzu. A ciwon nan da likitoci ke kira AF, ɗakunan sama na zuciya ba sa matsawa yadda ya kamata, rawa kawai suke, shi ya sa in kika dafa wuyan hannunki za ki ji bugun kamar ganga a hannun yaro. Jinin da bai samu turi ba yakan kwanta a wani lungu na ɗakin hagu ya daskare, gudan kuma in ya ɓalle ƙwaƙwalwa yake nufa. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga mai AF ya kai ninki biyar na wanda ba shi da shi, kuma ba ya jiran sai kin ji faɗuwar gaba. Warfarin ɗin da kike ƙorafi a kansa, maganin tsinka jinin nan, shi ke tsare miki wannan ƙofar.

Nawa ciwon da naki ba ɗaya ba ne, kuma wannan shi ne abin da na fi so ki riƙe. Nawa hawan jini ne ya jawo shi. Naki, a yadda na gani a hoton zuciyarki na eko, ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu ce ta tsuke, irin lahanin da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ke bari idan ba a sha maganinsa ba. A asibitocinmu na gida wannan abu ne na kullum. Nan kuwa da wuya a ga wanda aka haifa a ƙasar yana da shi, yawancin masu AF ɗinsu tsofaffi ne, kuma sababbin magungunan tsinka jini ake fara ba su, irin su apixaban da rivaroxaban da edoxaban, waɗanda ba sa buƙatar awon jini a kai a kai. Ni apixaban nake sha safe da yamma. Likitan unguwa mai minti goma a kanki yana iya ganin matashiya a kan warfarin ya ce bari a sauƙaƙa mata. To, ba a ba wa mai matsananciyar tsukewar wannan ƙofa ko mai ƙofar ƙarfe waɗannan sababbin. A 2022 an fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna INVICTUS, wanda aka yi a kan mutum fiye da 4,500 masu irin ciwonki a Afirka da Asiya da Latin Amurka, aka ga waɗanda suka zauna a kan dangin warfarin sun fi masu shan rivaroxaban tsira da ransu. Don haka takardar ekon nan ki ba ta matsayin fasfo. Duk wanda ya yi miki zancen canji, ki miƙa masa ita, ki ce a tuntuɓi likitan zuciya tukuna.

Kafin ki baro gida, ki roƙi likitanki ya rubuta miki cikakkiyar wasiƙa da Turanci: sunan ciwon, sakamakon eko da ECG, kowane magani da sunansa na asali da yawan miligiram ɗinsa, matakin INR (awon da ke nuna yadda warfarin ya tsinka jini) da ake so ki tsaya a kai, da sakamakon awon watannin baya. Idan ana yi miki allurar fenisilin ta wata-wata, ita ma a rubuta. Ki taho da maganin da zai kai ki wata uku, a cikin kwalayensa, a jakar hannu. Gwajin lafiyar da ake nema don biza na tarin fuka ne, kuma AF ba ya cikinsa, amma ki je da wasiƙar don hoton ƙirji yana iya nuna zuciyar ta ɗan buɗe. Ta wajen lokacin shan magani kin yi sa'a: a Satumba agogonmu da na Najeriya ɗaya ne, sai ƙarshen Oktoba muke komawa baya da awa guda.

Kuɗin lafiyar da ake biya tare da biza fam 776 ne a shekara ga ɗalibi tun Fabrairun 2024, kuma da tsawon bizar ake lissafi, shi ya sa masu karatun shekara guda sukan biya na shekara da rabi, fam 1,164. Da shi kin shiga tsarin NHS, wato asibitocin gwamnati na nan, ba ruwansu da cewa da ciwonki kika zo. Sai dai maigidanki ya rage ɗoki. Ba a tafiya wurin likitan zuciya kai tsaye kamar yadda kika saba, sai likitan unguwa, GP, ya tura ki. A rubuce an ce a fara yi wa mutum magani cikin mako 18, a aikace ana wuce haka sosai. Watannin farkon nan, da kin bar likitanki na gida ba ki kuma shiga hannun na nan ba, su ne nake ji miki. Ki yi rajista da GP a makon da kika sauka, kada ki jira sai kin gama neman ɗaki. Ki gaya wa mai karɓar baƙi cewa kina shan warfarin kuma kina buƙatar awon INR cikin kwanaki. Wannan maganar takan sa su motsa. Za a haɗa ki da sashen da ke kula da masu shan maganin, a ba ki ɗan littafi mai ruwan ɗorawa da ake rubuta sakamako da adadin da za ki sha.

Ki lura da launin ƙwayoyin. A nan miligiram 1 ruwan ƙasa ne, 3 shuɗi, 5 ruwan hoda, rabin miligiram fari. Na gida suna zuwa daga kamfanoni daban-daban, launinsu ba lallai ya dace da wannan ba. Lambar da ke jikin kwalin za ki riƙa karantawa, kada kuma ki zuba na gida da na nan a gwangwani ɗaya.

A Ingila ana biyan fam 9.90 a kan kowane magani da aka rubuta, kuma ciwon zuciya ba ya cikin waɗanda aka yafe wa. Da magunguna huɗu irin naki, ki sayi takardar biyan shekara ta fam 114.50, ta rufe komai. A Sikotlan kyauta ne. Amma kada wannan ya zaɓa miki makaranta, kuɗin bai kai hayar ɗaki ta mako guda ba. Tun Janairun 2024 masu digiri na biyu na aji ba sa zuwa da iyali, ke kaɗai za ki zo. Ni a ganina ki zaɓi inda kike da wanda zai iya ƙwanƙwasa miki ƙofa idan kin yi shiru, kuma daga nan zuwa waccan jami'ar ta Ingila ba nisa a jirgin ƙasa.

Yanzu kasalar. Bisoprolol ɗin da kike sha yana rage gudun zuciya, kuma gaskiya ne yana kawo nauyin jiki, da jiri idan an miƙe da sauri, da sanyin hannu da ƙafa. Wannan na ƙarshen sai kin ga Janairun ƙasar nan za ki san shi, ki tanadi safa mai kauri. Ni da aka fara ba ni, hawa bene ɗaya sai na tsaya na huta. Da na faɗa aka rage adadin, aka mayar mini da shi dare, jiki ya dawo. Mutanenmu ba sa faɗa, sai su yi shiru su daina sha, maza ma sun fi, saboda yakan taɓa musu ƙarfin iyali kuma kunya ba ta barin su su furta. Yanke shi rana ɗaya yana sa zuciya ta zabura fiye da da. Akwai wasu magungunan da ke yin aikinsa idan ya ƙi ki, amma sai an ji daga bakinki.

Sai dai ni ban yarda duk laifin nasa ba ne. Mace mai zubar da jini da yawa kowane wata jininta yana ƙasa, ƙarancin jini kuwa yana kawo wannan kasalar, yana kuma ƙara wa zuciya gudu. Ki sa a auna jininki da sinadarin ƙarfen jikinki kafin ki taho, a duba tayirod ma, wato ƙullin nan na gaban wuya. Digoxin, wani maganin zuciyar da kike sha tare da maganin fitsari, shi ma yana son ido: idan kika ji tashin zuciya, abinci ya fita ranki, ko kina ganin abubuwa da ruwan ɗorawa, alama ce ya taru a jiki, musamman bayan gudawa ko amai. A ranar za ki nemi likita. Idan wata rana aka kawo zancen amiodarone, maganin daidaita bugun zuciya, ki tambayi tsawon lokacin da za ki yi a kansa, don yana taɓa tayirod da hanta da huhu, sai da awo lokaci-lokaci.

Maganar da ba za ki iya yi da babanki ba, bari ni in yi miki. Warfarin yana lahanta ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, kuma ita kanta tsukakkiyar ƙofar tana shan wahala da ciki. Za ki je hutu gida, ko shi ya zo ziyara. Ku zauna da likita ku tsara tun yanzu. Ƙwayoyin tazara masu sinadarin istirojin ba su dace da ke ba, amma akwai wasu hanyoyin, har da wadda ake sakawa a mahaifa mai rage jinin al'ada, kuma a nan kyauta ake yi. Idan al'ada ta yi jinkiri ki gwada nan take, ki kira asibiti a ranar. Kada ki tsayar da maganin da kanki, akwai allurar da suke mayar da mace kanta.

Abinci ba a hana ki komai ba. Ganye irin alayyahu da kabeji yana da bitamin K mai rage ƙarfin warfarin, abin da ake so shi ne cin ki ya zama daidai wa daida, ba yau tuli gobe babu ba. Matsalar ita ce za ki bar miyar ganye da kwaɗon zogale na gida ki koma burodi da taliyar ɗalibai, INR ɗinki zai motsa, shi ya sa awon farkon nan yake da muhimmanci. Abin da ya fi ganye haɗari shi ne ledar magungunan da kowa ke tahowa da ita. Ibuprofen da diclofenac da aspirin ba naki ba ne, ciwon kai ko na mara sai parasitamol. Flagyl da Septrin da cipro suna iya harba INR sama cikin kwanaki. Kayan mata da jiƙe-jiƙen da za a cusa miki a akwati ki bar su a gida, ba wanda ya san abin da ke ciki. Ƙaho ma haka, ya yi kasuwa a nan da sunan hijama, ko'ina za ki ga tallarsa a unguwannin Musulmi, amma ba na mai shan maganin tsinka jini ba ne.

Haɓon da ya wuce minti goma bai tsaya ba, baƙin bayan gida, jini a fitsari ko amai, ko ki bugu a kai ko da ba ki ga rauni ba, duk na sashen gaggawa ne. Idan baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, ko ƙirji ya riƙe da haki, lambar gaggawa ta 999 za a kira, ba ni ba, ba Kano ba. Ki gaya wa waɗanda kuke gida ɗaya tun ranar farko, ki kuma riƙa yawo da katin da ke nuna kina shan warfarin. Abin da bai kai haka ba amma ya dame ki da dare, ki kira 111, lambar neman shawarar lafiya.

Azumi a shekarun nan yana faɗowa ƙarshen hunturu, bai da tsawon na lokacin zafi da muka yi muna kai awa 18. Duk da haka kada ki yanke hukunci ke kaɗai. Maganin fitsari da rashin shan ruwa ba sa jituwa, digoxin kuma ya fi taruwa idan jiki ya bushe. Ki ga likita wata guda kafin Ramadan, idan ya ce a'a, kin san Allah ya yi wa mara lafiya rangwame.

Aiki kuma, bizar ɗalibi awa 20 ta yarda a mako lokacin karatu, kuma abin da yaranmu ke samu da sauri shi ne kwana a gidajen kula da tsofaffi ko ɗaukar kaya a rumbunan ajiya. Rashin barci yana tayar mini da bugun fiye da komai, balle a haɗa da lemon gwangwanin nan masu hana barci da suke ɗirka don su kai safiya. Idan lissafinku ya dogara da cewa aikin dare ne zai cike kuɗin makaranta, ku sake zama da maigidan naki, ko da za a ɗaga tafiyar zuwa baɗi. Ki kuma sanar da ofishin kula da ɗalibai na jami'ar halin da kike ciki tun a rajista, suna ɗaga wa mai lalura ranar miƙa aiki idan asibiti ya ci masa lokaci.

Ki turo mini sakamakon INR na gaba da na awon jinin idan sun fito. Zan kira Yaya ranar Lahadi in yi masa bayani da kaina. Ki gaida Hajiya da maigidan, Allah ya ƙara sauƙi.

Goggonki