Karatun Rukuni da Kwanciyar Hankalin Ɗalibi: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, ina aji biyu a jami'a. Da zarar malami ya raba mu rukuni-rukuni sai gabana ya faɗi, zufa ta keto min, na kasa cewa uffan. Ciwo ne?

Amsa: 'Yata, kunya kaɗai ba ciwo ba ce. Amma idan tsoron ya kai kina ƙin zuwa aji, kuma ya shafe wata 6 ko fiye, yana iya zama ciwon fargabar shiga mutane. Jikinki ne ke sakin sinadarin adirinalin kamar an biyo ki, shi ya sa bugun zuciya da zufa. Gudun taron yana ba ki sauƙi na ranar, amma shi ke ƙara wa tsoron ƙarfi. Ki fara da ɗaliba ɗaya da kika saba da ita, ki riƙa yi mata bayanin darasi, sannan ku ƙaro ta uku. Idan abin ya ƙi, masana halayyar ɗan'adam suna magance shi ta hanyar zama da tattaunawa, kuma ana dacewa.

Tambaya: Mu biyar ne, amma ni kaɗai ke yin aikin. Ina kwana kan kwamfuta ina shan kofi.

Amsa: Ɗana, baligi na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, kuma cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da ka karanta. Ku raba aikin a rubuce, kowa da ranar kawo nasa. Wanda ya ƙi, a sanar da malami.

Tambaya: Abokin karatunmu ya daina zuwa kusan wata guda. Ya rame, kuma ya ce min gara ya mutu ya huta. Ina tsoron tambayarsa kada in sa masa tunanin.

Amsa: Wannan ce tambayar da ta fi tsaya min a rai. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta jefa mutum cikin aikatawa, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Baƙin ciki ko rashin sha'awar komai da ya wuce mako 2, tare da rama da lalacewar barci, alamun ciwon damuwa ne. Yawancin cututtukan ƙwaƙwalwa suna fara bayyana kafin shekara 25, wato daidai shekarunku, kuma abokan karatu kan lura kafin iyaye da malamai, don su ke ganin kujerar da babu kowa. A ganina wannan amfanin rukuni ya fi na cin jarrabawa.

Sai dai ku ba likitoci ba ne. Kada ka yi masa alkawarin rufa asiri, kada ka tsaya kan cewa ya yi haƙuri kawai. Ka raka shi asibitin makaranta yau, a sanar da wani na jikinsa. Idan ya ce ya shirya yadda zai yi, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke magunguna da makamai daga kusa da shi, a tafi sashen gaggawa nan take.